Kafin ka biya kuɗin jitar lantarki

Samarin Tibiri da Jiratawa da ke shigowa Maraɗi neman jita, galibi siffar Stratocaster suke nema, irin wadda Mdou Moctar ke kaɗawa. To, siffar ɗaya ce, masu ƙera ta ne da yawa. Kamfanin Fender ya fito da ita a 1954, yana kuma sayar da mai rahusa da sunan Squier. Squier ba jabu ba ce, sai dai kada a karɓi kuɗin Fender a hannunka a miƙa maka ita.

Duba kan jitar, gaba da baya, ka nemi lambarta. Sababbin Fender na Amurka lambarsu da US take farawa, na Meziko kuma da MX. Amma lamba ma ana buga ta ƙarya, saboda haka ka shafa gefen wuyan: in ƙarafunan da ke jikinsa suna kartar yatsa, wataƙila aikin gaggawa ne.

Jitocin Gibson da na Epiphone kuwa, don ka bambance su, dubi ɗan murfin da ke kan jitar. Na Gibson sukuru biyu ne, na Epiphone yawanci uku.

Don Allah kada ka biya sai an jona ta da amfilifaya ka ji sautinta da kunnenka.