Ruwan Farko Ba Shi Ne Damina Ba

Jama'a, kowace shekara wajen watan Janairu ko Fabrairu hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, takan fitar da kirdadon damina: yaushe ake sa ran saukar ruwa a kowace jiha, yaushe zai ɗauke, kuma ina ne ake tsoron ya yi tsaiko bayan an yi shuka. Mutanenmu da yawa a Sakkwato ba sa sauraron wannan bayani, wasu ma suna cewa shiga gaibu ne. A'a. Ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi lokacin da Ya so. Abin da ma'aikatan nan ke yi awo ne: zafin teku, tafiyar iska, da lissafin shekarun baya. Sukan dace, sukan kuma kuskure. Ai tsofaffinmu ma suna lissafin taurari, su ce an shiga Nasara ko Ɗarfa, ba wanda ya ce sun yi saɓo.

To, ga inda ake yin ɓarna. A ƙasar Sakkwato damina ba ta cika zama sosai ba sai cikin watan Yuni, ta ɗauke wajen ƙarshen Satumba, ruwan shekara duka bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba. Amma sai ka ga a tsakiyar bazara, cikin Afrilu ko Mayu, hadari ya haɗo daga gabas, an yi guguwa, an zuba ruwa na sa'a guda. Gari ya yi sanyi, ƙasa ta yi ƙamshi. Washegari da asuba mutum ya kwance irin geron da ya ɓoye tun kaka, ya kwashi yara sai gona. Gero ya tsiro kamar allura, sannan sama ta yi tsit mako uku. Rana ta ƙone tsiron, iska ta binne saura da rairayi. Ranar da ruwan gaskiya ya sauka, babu iri a gida, sai a tafi kasuwa a sayi abin da aka samu da tsada, ko kuwa a ci bashi.

Masana aikin gona a yankin Sahel suna da ma'auni mai sauƙi. Ba sa cewa damina ta kama sai an sami ruwan da ya kai milimita 20 cikin kwana uku, kuma ba a yi fiye da mako guda babu ruwa ba a cikin watan da ya biyo baya. Manomi ba shi da abin awo, amma yana da hannu. Ka tona ƙasa da fartanya. In danshi bai kai tsawon tafin hannunka ba, wannan ba ruwan shuka ba ne. Mai son yin binne ya yi da ɗan kaɗan, kada ya zuba irinsa duka.

Na cikin birni kuma kada ya ce wannan zancen ƙauye ne. Ruwan famfon Sakkwato mafi yawansa daga Gulbin Rima yake, Rima kuwa madatsar Goronyo ce ke sako masa ruwa da rani. An gina ta don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, amma a farkon 2018 hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ta bayyana cewa abin da ya rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, saboda ƙarancin ruwan 2017 da yashin da ya cike ta. Wannan madatsa ce dai ta tumbatsa a Satumbar 2010, har ambaliya ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Fari yana daɗewa a ƙarƙashin ƙasa bayan an manta da shi a sama: rijiyar da ta ja baya shekara biyu, ruwan dare ɗaya ba ya cika ta. Shi ya sa ake iya ganin taɓo a titin Mabera, 'yan ga-ruwa kuma ba su rage kuɗin jarka ba.

Ƙasar nan ta san fari. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a 1914, iyayenmu sun ga ta 1973 da ta 1984. Maƙwabtanmu na jihar Tawa a Nijar, bayan wahalar 1984, suka rungumi haƙa tassa, 'yan ramuka da ake zuba wa taki tun da rani don su tare ruwa, har faƙo ya koma gona. Mu ma ba abin da zai hana mu.

Saboda haka, ya kai manomi, ka kasa irinka kashi biyu, ka ɓoye ɗaya. Ka nemi gero mai saurin nuna irin su Sosat a wurin malamin gona. Ka kunna rediyo ka ji abin da aka ce game da ƙaramar hukumarka, ka kuma gaya wa maƙwabcinka da bai ji ba. Masu unguwanni da limamai, don Allah ku taimaka da sanarwa bayan sallar Juma'a tun kafin hadarin farko ya haɗo.