Kalmar "Charge": Ba Cajin Batir Kaɗai Take Nufi Ba

A Jakara ko Kasuwar Kurmi, in ka miƙa wa mai shago waya ka ce a sa maka caji, ya gane. Amma a Turanci kalmar "charge" ma'anoni da yawa gare ta, kuma rashin sanin hakan yana cinye wa mutane kuɗin kati.

Asalinta daga Latin ne, tana nufin ɗora kaya a kan amalanke. Riƙe wannan, sauran duk za su zo maka da sauƙi. Batir wuta ake ɗura masa. 'Yan sanda laifi suke ɗora wa mutum, shi ya sa har gobe dattawan cikin Birni ke ce wa ofishinsu caji ofis. Wanda aka ce yana "in charge" kuwa, alhakin wurin aka ɗora masa.

Wadda ta fi shafar aljihunka ita ce ta kuɗi. Saƙo zai shigo: "You will be charged N50 daily." Malam, ba batirinka za a cika ba! Naira 50 za a riƙa zara kullum, 1,500 ke nan a wata, kan wata waƙar kira da wataƙila ba ka taɓa saurara ba. Kafin ka danna "OK", duba ko akwai adadin kuɗi kusa da kalmar. In ka riga ka faɗa, danna *305# ka soke.

"Free of charge" kuma kyauta ne, ko sisi.