Amsoshin Tambayoyinku: In Na Buɗe Kwamfutar Wasa, Dole Sai Na Sauya Man Sanyaya Da Fad?

Tambaya: Ina gaisuwa daga Galma Kudawace, gundumar Madawa a jihar Tawa. Yayana da ke ci-rani a Abijan ya aiko mini kwamfutar tafi-da-gidanka irin ta wasanni, ta hannu ce amma tana da ƙarfi. Da ita nake haɗa bidiyon biki da na suna, in na samu sarari kuma in buga ƙwallo. Tun da bazara ta kama fankarta ba ta yin shiru, gefen da iska ke fita ba ya taɓuwa, wasa kuma sai ya riƙa sarƙewa bayan 'yan mintoci. Ina so in buɗe ta in share. Wani mai gyara ya ce muddin aka buɗe sai an sauya man sanyaya da duk fad ɗin da ke ciki, wani kuma ya ce kada in taɓa komai. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Allah ya saka wa Yaya da alheri. Masu gyaran nan biyu kowa ya faɗi rabin gaskiya. Cire murfin ƙasa kawai ba ya wajabta sauya komai. Abin da ke wajabta sabon mai shi ne ɗaga farantin jan ƙarfen nan da ke danne a kan furosesa da cif ɗin hoto. In ka ɗaga shi, ko da leƙawa kawai ka yi, tsohon man ya gama aiki, sai ka goge ka sa sabo. Shi kuwa fad hukuncinsa daban ne: in bai yage ba, bai bushe ba, a bar shi inda yake. A nan ne ma aka fi yin ɓarna, zan zo kansa.

Kafin ka kai hannu kan farantin, tambayi kanka ko akwai bukatar ɗaga shi. A ƙasarku ƙura ce ta farko a jerin waɗanda ake zargi. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura mai laushi, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ga kuma guguwar da ke riga ruwan farko isowa. Fankar kwamfuta tana zuƙar iskar nan sa'o'i a jere, tana tura ta ta cikin wasu siraran haƙoran ƙarfe da ke bakin mafitar iska. A tsakanin fanka da haƙoran nan ƙura da zaren tufafi ke taruwa su daskare, su zama wani abu mai kauri da za ka iya ɗagowa da tsinke gaba ɗayansa. Daga waje ba a ganinsa. In ya toshe hanya, fanka za ta yi ta ihu amma iskar da ke fita kaɗan ce. Sa bayan hannunka a bakin mafitar lokacin da fanka ke gudu: in ƙara ta yi yawa amma hucin ba ƙarfi, to ga mai laifin nan. A kwamfutoci da yawa fanka na da nata kusoshi biyu ko uku, ana cire ta ba tare da an taɓa farantin ba. Cire ta, share haƙoran da tsohon buroshin haƙori busasshe, hura da famfon hannu. Ka danne fiffiken fankar da yatsa yayin hurawa, kada iska ta juya ta fiye da kima, kuma ka guji injin iskar masu faci, don yakan feso ruwa da mai.

Akwai kuma abin da ba mai ko fad da zai gyara. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin da kake ciki take amfani da ita. Yawancin kamfanoni sukan rubuta cewa a yi aiki da kwamfutarsu a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, alhali a Afrilu da Mayu ranar Madawa da Buza da Keita takan haura 40, balle a shago mai rufin kwano. Wanda ka gani a YouTube yana nuna furosesarsa a digiri 75, a ɗaki mai digiri ashirin da 'yan kai yake zaune. Kwamfutar nan tasa in aka kawo ta Galma da azahar, sai ka ƙara mata kusan ashirin. Saboda haka kada ka sa lambarsa ta zama ma'auninka. Sauke manhajar HWiNFO ko HWMonitor, kyauta ne, ka auna da sassafe kafin ka taɓa komai, ka rubuta, sannan ka sake aunawa a irin wannan lokacin bayan ka share ƙura. Yawancin furosesoshin Intel na tafi-da-gidanka suna rage gudu da kansu in sun kusa digiri 100, cif ɗin hoto na Nvidia kuma wajen 87. Wannan rage gudun shi ne sarƙewar da kake gani a wasa. In bayan shara furosesa na tsalle zuwa 95 da ɗoriya cikin daƙiƙoƙi kaɗan da fara aiki, ko kuma wasu sassanta sun fi wasu zafi da digiri goma sha biyar ko fiye, to man ya bushe ko ya tsere, lokacin ɗaga faranti ya yi.

Aikin man nan ƙarami ne amma babu makawa. Fuskar cif da ta faranti a ido sumul suke, a zahiri kuwa cike suke da 'yan ramuka da iska ke maƙalewa a ciki. Jan ƙarfe ya fi iska iya wuce da zafi sau dubu goma da ɗoriya, don haka 'yar iskar nan ta isa ta riƙe zafi a kan cif. Mai yana cike ramukan ya kori iskar, shi ke nan. Shi kansa bai kama ƙafar jan ƙarfe ba wajen jan zafi, shi ya sa ake son shimfiɗarsa ta zama siririya, ba a yi lafta ba. Da zarar ka raba fuskokin biyu, shimfiɗar ta tsage, in ka mayar haka iska ta shiga tsakani. Furosesar kwamfutar tebur tana da murfin ƙarfe, amma ta tafi-da-gidanka tsirara take, gilashin silikon ne kai tsaye, girmansa bai fi farcen babban yatsa ba, kuma zafin wat arba'in da biyar ko fiye ke fita ta nan. Kullum ta yi zafi ta huce, ƙarfe na buɗewa yana tsukewa, yana tura mai zuwa gefe a hankali. Mai ruwa-ruwa ya fi saurin tserewa, don haka nemi mai kauri. Arctic MX-6 da Noctua NT-H2 sanannu ne, kuma ba sa wuce da lantarki, ko sun ɗan zuba gefe ba abin tashin hankali ba ne. Akwai kuma PTM7950 na kamfanin Honeywell, wanda ke zuwa a siririn falle, ya narke wajen digiri 45 ya sake daskarewa in an kashe. A ganina shi ya fi dacewa da irin zafinku don ba ya saurin tserewa, sai dai ɓare ledarsa na da wuya in bai ɗan sha sanyin firji ba. Jabun duk waɗannan sun cika kasuwa. In za ka aika Maraɗi ko Ƙonni ko titin Beirut na Kano, a sayo a hannun wanda za ka iya komawa wurinsa. Farin man nan mara suna da masu gyaran amfilifaya ke shafa wa tiransisto zai fitar da kai kunya na 'yan watanni in ba wani, amma man goge baki da girisin mota, ko da wasa.

Yanzu fad. Farantin nan ba furosesa da cif ɗin hoto kaɗai yake sanyayawa ba. Yana miƙa fukafukai kan wasu ƙananan cif baƙaƙe da ke kewaye da cif ɗin hoto, su ne ma'ajiyarsa, da kuma jerin kayan da ke daidaita wutar da ke shiga. Waɗannan tsayinsu ba ɗaya ba ne, kuma akwai rata tsakaninsu da faranti wadda mai ba zai iya cikewa ba. Sai kamfani ya sa 'yan yankan roba mai laushi, shuɗi ko toka ko ruwan hoda, su cike ratar. Kaurinsu yakan zama rabin milimita, ko milimita 1, ko 1.5, ko 2, kuma a kwamfuta ɗaya kana iya samun kauri iri biyu ko uku. Ka ɗauka mutum uku ne suka ɗauko dogon katako a ka. In na gaba da na baya suka ƙara wa gammonsu kauri, katakon zai tashi daga kan na tsakiya. Na tsakiyan nan shi ne cif ɗin hoto. Fad da ya fi na asali kauri da rabin milimita kawai ya isa ya ɗage faranti daga kansa, sai ka rufe kwamfuta da sabon mai mai tsada ka tarar ta fi da zafi, wani lokaci ma ta riƙa ɗaukewa. In ka ƙara ɗaure kusoshi don ka tilasta, kana iya lanƙwasa fanel, wato allon da cif ɗin ke zaune a kansa, ko ka fasa gefen cif, wannan kuwa ba shi da magani a kusa. In fad ɗin ya gaza kauri, ma'ajiyar ba za ta taɓa faranti ba, za ta yi ta dahuwa shiru har hoto ya fara fitar da ɗige-ɗige da layuka.

Don haka in ka ɗaga faranti, tsaya ka duba kafin ka ɓamɓare komai. Ɗauki hoto da wayarka, na fanel da na cikin faranti. Danna fad da bayan farce a hankali. In yana da laushi, yana ɗan dawowa, ga shatin cif a jikinsa, lafiyarsa lau. Kare shi daga ƙura da yatsa mai maiƙo, ya koma mazauninsa. In wani ya biyo faranti wani ya zauna a kan cif, ba laifi, muddin kowanne zai faɗa inda yake. Wanda ya yage biyu, ko ya ƙeƙashe yana marmashewa, shi kaɗai za ka sauya. Ka auna kaurinsa a gefen da cif bai danne ba, don tsakiyar ta riga ta lotsa. Masu walda da makanikai sukan ajiye ma'aunin baniya, ara. In babu, katin banki ko katin da ake ɓalle layin waya daga jikinsa kaurinsa milimita 0.76 ne, jera su gefe da gefe zai nuna maka ko rabin milimita ne ko ɗaya. Wajen saye, laushin fad da daidaiton kaurinsa sun fi babbar lambar da aka buga a kwali muhimmanci. Mai tauri ba ya lotsawa, sai ya yi maka irin ɓarnar mai kauri. Kuma leda biyu ce a jikinsa, sama da ƙasa, duk a ɓare.

Wasu kwamfutocin ba fad ne a ciki ba, wani abu ne mai danƙo da aka matsa a kan kowane cif. In shi ka tarar, kada ka musanya shi da fad, don ratar da ke wurin sau da yawa ba ta kai rabin milimita ba. In yana da laushi, tattaro wanda ya bazu gefe ka mayar tsakiya. In ya bushe, irinsa za ka nema, kuma shi ne ma mafita ga wanda ya kasa gane kaurin fad, tunda yana lotsawa ya bi kowace rata.

Wani gargaɗi da ya kamata ka sani tun kafin ka kwance kusa ɗaya: duba sunan kwamfutarka. Tun 2020 kamfanin Asus ke sa ruwan ƙarfe a kan furosesar kwamfutocinsa na ROG da yawa, irin wanda Sony ya sa a PlayStation 5, wasu kamfanonin ma sun bi. Yana sheƙi kamar azurfa, sinadarin galiyam ne a cikinsa, yana cin alminiyam, kuma yana wuce da lantarki. Ɗigo ɗaya in ya gangara kan fanel ya isa ya kashe ta. In irin wannan ce taka, share fanka ka rufe, ɗaga faranti kuma a bar wa wanda ya saba. Haka nan irin su MSI GS65, da fanel ɗinsu ke kife, sai an fitar da komai kafin a kai ga faranti. Ba da su ake koyon hannu ba.

In ka yanke shawarar yi da kanka, zaɓi safiya, a ɗaki rufe, a kan tebur, ba kan bargo ko darduma ba. Busasshiyar iska na tara tartsatsin nan da kake ji in ka taɓa ƙofar mota, don haka ka riƙa taɓa ƙarfen taga ko na ƙofa kafin ka taɓa fanel. Bar kwamfutar ta yi aiki 'yan mintoci don tsohon mai ya saki, kashe, cire caja, buɗe murfi, abu na farko kuma zare filogin batir. In ka ga batirin ya kumbura, ajiye maganar mai, shi ne gaggawa. Kusoshin murfi tsayinsu ya bambanta, zana taswira a takarda ka jera su. Na faranti kuwa akwai lamba kusa da kowace, 1 zuwa 6 ko 8; kwance daga babba zuwa ƙarama, ka ɗaga a miƙe. Bututun jan ƙarfen da ke jikin faranti ba cikakku ba ne, rami ne da ɗan ruwa a ciki wanda ke tururi yana kai zafi bakin fanka, in ɗaya ya lotsa ya tashi aiki. Goge tsohon mai da alkol mai ƙarfin 90 ko fiye, na kantin magani ya isa, da ƙyalle mara gashi. Ban da fetur, ban da tina, kuma kada ka kankare da reza. Tunda cif tsirara yake, shimfiɗa sabon mai siriri ya rufe fuskar duka har kusurwoyi. Ɗora faranti sau ɗaya, ɗaure daga 1 zuwa sama, kowace rabin juyi, ka zagayo har su tsaya da kansu.

In ka sa sabon fad kuma kana da shakka, sadaukar da ɗan mai: ɗaure, sake kwancewa, ka duba. Man ya kamata ya baje siriri ko'ina har kana hango ƙarfe ta cikinsa, kowane fad kuma ya nuna shatin cif. In man ya zauna da kauri a gefe ɗaya, fad ɗin wannan gefen ne ya yi yawa. Gyara, goge, sa sabo. Kafin ka mayar da murfi tabbatar filogin kowace fanka ya shiga, sannan na batir. Auna da sassafe kamar yadda ka yi da farko, da wasa ɗaya, na tsawon lokaci ɗaya. Aikin haɗa bidiyo mai nauyi kuma ka riƙa barinsa sai dare ko bayan asuba har damina ta sauka, ka ɗaga bayan kwamfutar da ɗan katako don fanka ta samu iska, haƙoran nan kuwa ka leƙa su duk ƙarshen hunturu.