Yadda Mai Sha'awar Ɗaukar Hoto Zai Zaɓi Kayan Aikinsa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wannan ne ya sa hoto yake da daraja, domin yana ajiye abin da ido ya gani bayan mai idon ya shuɗe. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a shekarar 1929, amma mu nawa ne muka taɓa ganin hoton tashar a zamanin da ake lodin gyaɗa? Saboda haka ɗalibin da ke sha'awar ɗaukar hoto yana iya yi wa garinsu babban aiki. Sai dai kayan aikin suna da tsada, wanda kuwa ya saya da ka, kuɗinsa sun tafi a banza.

Da farko dai, ɗan'uwa, tambayi kanka abin da kake son ɗauka. Wanda zai ɗauki 'yan ajinsu da iyalin gidansu, wayar hannu mai kyau ta ishe shi. Wanda kuwa yake son dawakin hawan Sallah a Zurmi, ko tsuntsaye a bakin gulbin Gagare, shi ne mai bukatar kyamara irin wadda ake sauya wa gilashi.

Na biyu, kada yawan megafiksel ya ruɗe ka. A zamanin fim, hoto 24 ko 36 kawai ake samu a naɗi guda, sai an wanke kafin a ga abin da aka ɗauka. A shekarar 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak a Amurka, mai suna Steven Sasson, ya ƙera kyamara ta farko marar fim, ga shi yau ita ce a hannun kowa. Masu sayarwa sukan cika baki da yawan megafiksel, alhali kuwa hoton da za a wanke mai faɗin inci 4 da tsawon inci 6 bai bukaci fiye da kamar megafiksel 2 ba. Tsohuwar kyamara mai 12 ta wadatar ƙwarai.

Na uku, gilashi ya fi gangar jikin kyamara muhimmanci, domin ta cikinsa haske yake shiga. Yawancin ƙananan kyamarori sukan zo da gilashi mai milimita 18 zuwa 55, wanda ya dace da hoton taro da na gine-gine. Mai milimita 50 yana buɗewa sosai, saboda haka yana aiki ko a zaure mai ƙarancin haske, kuma ba shi da tsada. Mai 70 zuwa 300 shi ne ke jawo abu mai nisa. Idan doki yana sukuwa, sai a sa kyamara ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa, in ba haka ba hoton ya fito dishi-dishi. A lura kuma, gilashin Canon ba ya hawa kan Nikon kai tsaye, watau wanda ya zaɓi kamfani guda ya ɗaura aure ke nan da gilasansa.

Na huɗu, a yi la'akari da yanayin ƙasarmu. Ƙurar hunturu babbar abokiyar gaba ce. Kada ka cire gilashi a fili, balle a tsakiyar kasuwar Shinkafi, domin ƙurar da ta shiga ciki za ta riƙa fitowa ɗigo-ɗigo a kowane hoto. Saboda haka jaka mai rufewa ruf, da ɗan famfon hura iska, da ƙyalle mai laushi, su ne farkon abin saye bayan kyamara. Kada a goge gilashi da bakin riga. Da bazara kada a bar kyamara cikin rana ko cikin mota a rufe, domin zafi yana kashe batir. Da damina kuwa laima takan sa gilashi ya yi fumfuna, sai a ajiye shi wuri busasshe.

Na biyar, tun da wutar lantarki ba ta da tabbas, batir na biyu ya fi maka amfani bisa ga fitilar kyamara mai tsada. Haka nan katin ajiyar hoto guda biyu matsakaita sun fi babba guda ɗaya, domin in ɗaya ya lalace ba ka yi asarar kome da kome ba. Akwai jabun kati da yawa a kasuwa. Maɗori mai ƙafa uku yana iya jira, sai ka fara ɗaukar hoton dare.

Idan ta hannu za ka saya a Kano ko Gusau, tafi da wanda ya san kan abin. A duba yawan hotunan da ta taɓa ɗauka, domin ƙananan kyamarori da yawa an ƙiyasta ƙarfinsu a kan kamar hoto 100,000. A haska gilashin da tocila, a kuma ɗauki hoton farar takarda don a ga ko akwai tabo.

A ƙarshe, akwai abin da ba a saye da kuɗi, watau ladabi da hankali. Nemi izini kafin ka ɗauki mutum, musamman mata da dattawa. A halin tsaron da yankinmu yake ciki, kada ka ɗauki jami'an tsaro ko shingensu, kada kuma ka shiga daji don neman hoto, domin babu hoton da ya kai ranka. Fara da abin da ke hannunka, ka rubuta suna da wuri da kwanan wata na kowane hoto. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa mu dace, amin.