Yanayi da Wasannin Dandali a Garin Manoma: Nazari a kan Kura ta Jihar Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dangantakar da ke tsakanin lokutan shekara da wasannin da ake yi a sarari a garin Kura. Ta nuna cewa noman rani da ya biyo bayan gina madatsar ruwa ta Tiga ya cike gurbin hutun da wasannin suka dogara da shi, ya kuma sauya ma'aunin daɗin zama a garin.

1.0 Gabatarwa

An fi rarraba wasannin Hausawa ta fuskar jinsi da shekaru, a ce na maza da na mata, ko na yara da na manya. Wannan rabo yana da amfani, sai dai yana ɓoye wata tambaya: yaushe ne manomi yake samun sukunin wasa? Kura, wadda ke kan hanyar Kano zuwa Zariya, kimanin kilomita 30 daga birnin Kano, ta dace da wannan tambaya, domin gari ne da jadawalin aikinsa ya sauya a cikin rayuwar mutanen da har yanzu suke raye.

2.0 Lokutan Shekara da Gurbin Wasa

Ruwan sama a ƙasar Kano yakan sauka ne daga watan Mayu ko Yuni zuwa Satumba, marka kuma ta faɗo a Agusta. A waɗannan watanni gona ce ke da jikin manomi, daga shuka zuwa noman farko da maimai. Bazara, wadda zafinta kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ba ta barin kowa ya yi tsalle da rana. Nata wasan shi ne dara a gindin bishiya.

Saboda haka gurbin wasa na haƙiƙa yana farawa ne daga kaka. Rumbu ya cika, ciki ya ɗauka, ƙasa ta bushe, sauro ya ja baya. A nan ne ake kokawa, wadda aka fi sani da manoma, da dambe, wanda asalinsa na mahauta ne, da bikin kalankuwa na samari da 'yan mata. Idan farin wata ya fito, yara maza su yi langa, mata su yi gaɗa a dandali. Da rani ya yi nisa, ciyawa ta bushe, sai a fita farauta. Ruwan tafkuna ya janye, sai a yi su. Tashe ne kawai bai shiga wannan lissafi ba, domin shi watan azumi yake bi, yana zagaya lokutan shekara duka.

Haka sana'a ma take. Rini da bugu, waɗanda suka fito da sunan garin har Buzaye suka san rawanin ɗan Kura, sun fi samun hannu ne idan aikin gona ya lafa. Wanda ba shi da sana'a kuwa ya tafi ci-rani.

3.0 Zuwan Ruwan Tiga

An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a shekarar 1974, a zamanin mulkin Audu Bako, daidai lokacin da ƙasar Hausa take fama da fari mai tsanani. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke kula da shirin ban-ruwan da ya ratsa Kura da Bunkure da Garun Malam. Ruwa yana gangarowa da kansa ta magudanai zuwa gonaki.

Abin da ya biyo baya shi ne jigon wannan nazari. Sanyin hunturu, wanda a da alama ce ta hutu, ya zama jari, domin alkama ba ta yi sai da shi: a shuka ta wajen Nuwamba, a girbe wajen Maris. Tumatir da albasa su ma wannan lokaci suke so. Ke nan saurayin da ya kamata ya ɗaura warki ya shiga fagen kokawa bayan girbin shinkafar damina, yana can yana tsare layin ban-ruwa, wani lokaci har cikin dare. Yaron da zai yi langa yana korar jan-baki daga gona. Ana yawan ɗora raguwar wasannin dandali a kan boko da wa'azi da talabijin, kuma duk suna da hannu. Amma a gari irin Kura bayanin bai cika ba sai an haɗa da cewa lokacin kansa ne aka saye.

4.0 Daɗin Zama

Babu mai musun ribar da aka samu. Garin da samarinsa ke fita ci-rani ya zama mai karɓar 'yan ƙwadago, cinikin shinkafa kuma ya raya kasuwa da injinan casa. Sai dai ruwan da ya kawo wannan arziki ya zo da nasa haraji. Ruwa kwance rani da damina yana nufin sauro ba ya hutu, zazzaɓin cizon sauro ma haka.

Mafi ɗaukar hankali shi ne magudanar kanta ta zama sabon dandalin yara. A tsananin bazara babu abin da ya fi iyo a cikinta daɗi, kuma ba a biyan ko kwabo. Amma irin wannan ruwa mai tafiya a hankali, mai ciyayi a gefe, shi ne mazaunin ƙananan katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wadda ke shiga ta fata, ta bayyana da fitsarin jini. Hana yaro shiga ruwa a watan Afrilu, alhali ba a tanadar masa wata inuwa ko filin wasa ba, umarni ne da ba ya wuce bakin zaure.

Manya kuwa sun koma ga wasannin da ba sa neman wata guda na hutu: ƙwallon ƙafa ta bayan la'asar, da gidan kallo da dare. Dambe ya tsira ne ta hanyar ƙaura zuwa gidajen da ake biyan kuɗin shiga a birane, inda bai damu da kaka ba. Langa da gaɗa ba su da mai saye, kuma waɗanda suka haddace waƙoƙinsu da ƙa'idojinsu tun kafin 1974 yanzu duk sun haura shekara hamsin.