Amsoshin Tambayoyinku: 'Yan Ƙwallon Mata da Samari

Malam mai tambaya, labarin da ka ji sahihi ne, domin a shekarar 2017 samarin Dallas 'yan ƙasa da shekara 15 sun ci tawagar matan Amurka 5 da 2 a wasan atisaye, alhali kuwa kofin duniya na hannun matan nan. Sababin al'amarin shi ne, da zarar yaro ya balaga, sinadarin mazantaka kan ƙara masa tsoka da tsawo da ƙarfin huhu, har ya riga 'yar wasa isa ga ƙwallon da ta fi shi sanin inda za ta sauka. Wannan hukuncin halitta ne, bai tauye gwanintar matan ba ko kaɗan. A 2019 sun sake ɗaukar kofin a Faransa.