YINI ƊAYA A GIDAN MARAYU DA ABIN DA SUNNA TA ƊORA MANA

Ya ku samarin Musulmi, darasinmu na yau a kan ƙananan yaran da ke zaune a gidajen marayu ne.

Maraya a shari'a shi ne wanda ubansa ya mutu bai balaga ba. Amma in ka shiga gidan marayu, ba su kaɗai za ka tarar ba. Akwai jaririn da aka tsinta a yashe, akwai yaron da ya ɓata aka rasa iyayensa, akwai kuma waɗanda fitina ta raba da gida, kamar yadda ya faru a Borno tun daga 2009.

To, yaya suke yini? Da sassafe a tashe su gaba ɗaya, a yi musu wanka bi da bi, a ba su koko. Manya su tafi makaranta, ƙanana su zauna da mai reno. Ita kaɗai ce, yara ga su nan da yawa: wannan yana kuka, wancan ya ɓata wando. In lokacinta ya cika ta tafi wajen nata 'ya'yan, wata ta karɓa. Da dare yaro ya farka a firgice, bai san wadda za ta zo ba. Shi ya sa in baƙo ya shiga sai ka ga yaro ya rugo ya riƙe masa ƙafa yana cewa Baba. Abinci ya samu, tufa ya samu, nasa mutum ne ya rasa.

Likitoci ma sun tabbatar da wannan. Bayan 1989 duniya ta ga halin da yara ke ciki a gidajen marayu na ƙasar Romaniya. Binciken da aka yi a can daga baya ya nuna waɗanda aka mayar hannun iyalai tun ba su kai shekara 2 ba sun fi waɗanda aka bari kaifin hankali da natsuwa.

Mu kuwa muna da misali tun da can. Annabi (S.A.W.) an haife shi mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara 6. Kakansa Abdulmuɗɗalibi ya riƙe shi har ya kai 8, sa'an nan baffansa Abu Ɗalib ya ɗauke shi cikin 'ya'yansa. Bukhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa Annabi ya kwatanta kusancinsa da mai riƙon maraya a Aljanna da manuniya da ɗan yatsan tsakiya.

Ku kiyaye hukunci uku:

1. Ba a canza wa yaro uba. Suratul Ahzabi, aya ta 5, ta hana, kuma da ita aka daina jingina Zaidu ɗan Harisa ga Annabi.
2. Dukiyar maraya amana ce. Suratun Nisa'i, aya ta 10, ta yi wa mai cin ta da zalunci alkawarin wuta.
3. Ɗaukar tsintacce farilla ce ta kifaya. Ɗa ne, ba bawa ba, kuma ba shi da laifin kowa. Mai kiransa shege ya ji tsoron Allah.

Wani zai ce, ai ni saurayi ne, ko aure ban yi ba. To, ɗan'uwa, fara da gidanku. In wanka ya rasu ya bar 'ya'ya, kada ka yi shiru a taron dangi ana ta turereniya da su. In kuma za ka gidan marayu, kada ka zama mai zuwa sau ɗaya da azumi da buhun shinkafa, a ɗauki hoto, ka ɓace. Nemi izinin masu gidan, ka ɗauki rana ɗaya a mako. Ka san sunan yaro, ka biya masa Fatiha, ka koya wa ɗan shekara 7 alwala da salla. In ka ce masa za ka dawo Asabar, to ka dawo, don an sha barinsa.

Allah Ya ba mu ikon aikatawa, Ya jiƙan iyayenmu.